BABI NA UKU: SUNAN BARMANI, MA'ANARSA DA ASALINSA DA YAƊUWARSA A ƘAUYUKAN AREWACIN KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi suna guda ɗaya daga cikin sunayen gargajiya da Hausawa suke laƙaba wa 'ya'ya mata, wato Barmani. Za a yi bayanin ma'anarsa da ƙirarsa ta fuskar nahawu, sannan a waiwayi asalinsa da irin yanayin zaman da ya haifar da shi, daga nan kuma a duba matsayinsa a jiya da yau. An taƙaita nazarin a kan ƙauyukan arewacin Jihar Kano, wato ƙasashen Bici da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Dawakin Tofa da Minjibir, sai dai za a riƙa leƙa wasu wurare idan buƙatar kwatance ta taso.

Dalilin zaɓen wannan suna shi ne, duk da cewa bai taɓa zama ruwan dare ba, yana ɗauke da labarin da yawancin sunaye ba su ɗauke da shi. Hausawa kan ce suna linzami ne. Wanda duk ya ji an kira mace da Barmani, in dai ya san al'ada, to ya riga ya san cewa mahaifiyarta ta binne 'ya'ya kafin ta same ta. Don haka nazarin wannan suna nazari ne na harshe, kuma nazari ne na yadda matan karkara suka riƙa fuskantar mutuwar ƙananan yara.

3.1 Matsayin Laƙabi a Tsarin Sunayen Hausawa

Kamar yadda aka sani, Bahaushe Musulmi yana da suna iri biyu. Na farko shi ne sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar da haihuwa ta kwana bakwai. A wannan rana maza kan taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, uba ya gaya wa liman sunan da ya zaɓa, a yi addu'a, a yanka ragon suna, maroƙi ya sanar wa jama'a, daga bisani wanzami ya yi wa jariri aski. Sunan yanka kusan kullum daga Larabci ake ɗauko shi, kamar Amina da A'ishatu da Hadizatu da Sa'adatu da Zainabu.

Na biyu shi ne laƙabi, wanda ba a yi masa taro ko yanka. Yawanci mata ne suke sa shi a cikin gida, musamman kaka ko gwaggo ko ungozoma, kuma sau da yawa shi ne yake bin mutum har tsufansa. Abin da ya ƙarfafa laƙabi shi ne al'adar alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukanta, don haka idan aka mayar wa jaririya sunan kakarta, dole a nemi wani sunan da za a riƙa kiranta da shi. Ana iya kasa laƙuban gargajiya na mata kamar haka:

(a) Na ranar haihuwa, kamar Ladi da Altine da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe.
(b) Na lokaci ko yanayi, kamar Azumi da Marka.
(c) Na jerin haihuwa, kamar Kande ko Delu ga wadda ta biyo bayan maza, da Gambo ga wadda ta biyo bayan tagwaye, da Auta.
(d) Na halitta, kamar Cindo ga mai yatsu shida.
(e) Na halin da iyaye suka shiga, kamar Shekara da Kyauta da Ayashe da Abarta da Barmani.

Sunan da ake nazari ya faɗo ne a cikin rukuni na ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, duk Barmani tana da sunanta na yanka daban, wanda aka raɗa mata a gaban liman kamar kowace 'ya.

3.2 Ma'anar Sunan da Ƙirarsa

Barmani harɗaɗɗen suna ne, wato jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama kalma ɗaya. An gina shi daga kalmomi biyu:

bar + mani = Barmani

Kalmar "bar" siga ce ta aikatau "bari", wadda take zuwa idan karɓau ya biyo baya, kamar a ce "bar shi" ko "bar gidan". Ita kuwa "mani" wakilin suna ce ta mutum na farko tilo, mai nuna wanda aka yi aikin dominsa. Cikakkiyar jimlar ita ce "bar mani ita" ko "bar mani wannan", sai aka shafe kalmar ƙarshe tun da an san wadda ake nufi. Ma'anar sunan ke nan roƙo ne cewa a bar wa mai maganar wannan 'ya ta rayu, kada ta bi sahun 'yan uwanta da suka riga ta.

Irin wannan ƙira ba baƙuwa ba ce a Hausa. Akwai kalmomi da dama da aka gina daga jimlar umarni, alal misali bar-ni-da-mugu da faɗi-ka-mutu da hana-salla. Abin da ya bambanta Barmani da waɗannan shi ne, duk da cewa sigarsa ta umarni ce, manufarsa ta addu'a ce, kamar yadda bawa kan ce "ba ni" ko "jiƙan mu" yana mai ƙanƙan da kai.

Akwai abubuwa biyu da suka kamata a lura da su dangane da ɓangare na biyu na sunan. Na ɗaya, a bakin Kanawan birni "mini" ko "min" aka fi ji a maganar yau da kullum, amma sunan ya riƙe "mani". Idan aka dubi jerin maka da masa da mata da mana, za a ga cewa "ma" ita ce tushe, kuma "mini" ta samu ne ta hanyar naso, inda wasalin ƙarshe ya rinjayi na farko, kamar yadda "maki" ta koma "miki", "masu" ta koma "musu". Wato sunan ya adana tsohuwar siga, wadda har yanzu ake jin ta a karin harshen Katsina da Sakkwato. Ƙasashen Tsanyawa da Kunci kuwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, don haka wannan siga ba ta yi wa kunnen mutanen wurin baƙunci ba.

Na biyu, kalmar "ni" da take cikin sunan murya ce ta uwa, ko ta kakar da ta sa sunan. Wannan abu ne mai muhimmanci idan aka tuna cewa al'ada ta hana uwa bayyana son ɗanta a gaban mutane. Matar da ake sa ran za ta kau da kai idan ɗanta ya faɗi, ita ce a wannan suna take fitowa fili tana cewa tana son wannan 'ya ta zauna mata. Haka kuma duk wanda ya kira yarinyar, ko aike zai yi mata, ya maimaita wa uwar roƙonta ke nan ba tare da ya lura ba.

Daga wannan aikatau na "bari" an samu wasu sunaye masu manufa ɗaya:

Barau (namiji): bar + ɗafa-ƙeyar -au, kamar a Tunau da Mantau da Nomau da Shekarau.
Abarshi (namiji): a + bar + shi.
Abarta (mace): a + bar + ta.

Bambancin Abarta da Barmani shi ne, a Abarta an sakaya mai roƙon da wanda ake roƙa, an ambaci yarinyar kawai. A Barmani kuwa mai roƙon ce ta ambaci kanta, ta fuskanci wanda take roƙo kai tsaye.

3.3 Asalin Sunan

3.3.1 Wabi

Tushen sunan Barmani shi ne wabi. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna goye ko jim kaɗan bayan yaye, akan ce tana wabi, yaron kuma a kira shi ɗan wabi. Da wannan kalma ce ake siffanta itacen da yake zubar da 'ya'yansa tun ba su nuna ba, kuma kamancen a bayyane yake.

A tunanin gargajiya, ruwa ba ya tsami banza. Wasu kan danganta wabi da iskoki, wasu da maita ko sammun kishiya, wasu kuma suna ganin yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa. Don haka sai aka nemi hanyoyin tsare jaririn da aka samu, kuma suna yana cikin manyan hanyoyin. Ana iya raba sunayen wabi gida biyu.

Kashi na farko su ne sunayen nuna halin ko-in-kula. A nan ana nuna kamar ba a damu da yaron ba, domin abin da yake ɗauke 'ya'yan ya ga ba shi da daraja ya ƙyale shi. Misalansu su ne Ajuji da Ayashe da Mantau da Bawa. Sunan Ajuji ma ya samo asali ne daga al'adar kai jariri kan juji a ajiye shi kamar an yar, sannan wata tsohuwa ta je ta ɗauko shi a matsayin tsintuwa.

Kashi na biyu su ne sunayen roƙo da miƙa wuya, kamar Barau da Abarshi da Abarta da Dogara da Barmani. A nan ba a ɓoye darajar yaron ba, an fito an nemi a bar shi. Wannan bambanci yana da amfani wajen fahimtar dalilin da ya sa sunayen kashi na biyu suka fi samun wurin zama a gidajen Musulmi, kamar yadda za a gani a gaba.

3.3.2 Yanayin Ƙasa da Zaman Jama'a

Ba za a fahimci nauyin wabi ba sai an dubi irin zaman da ake yi a yankin. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin a shekarun 1960, ya nuna cewa ana noma gonakin ne kowace shekara ba tare da an bar su saura ba, kuma abin da yake riƙe da ƙasar shi ne taki, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakai da rani. Gero da dawa da wake da gyaɗa ake haɗawa a gona ɗaya. Irin wannan noma hannu yake buƙata, tun daga kai taki da shuka har noman fari da maimai da girbi, kuma a tsarin gandu 'ya'ya su ne hannun. Ita kuwa mace, darajarta a gidan miji da madogararta idan ta tsufa duk suna rataye ne a kan 'ya'yan da suka rayu. Matar da take wabi a tsakiyar kishiyoyi masu 'ya'ya tana ɗauke da baƙin ciki biyu, na rashi da na gori.

Cututtukan da suke ɗauke yara a wannan yanki suna bin lokutan shekara. Da bazara ƙyanda da sanƙarau kan ɓarke. Da damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kan yi yawa, kuma a daidai lokacin ne hatsin bara yake ƙarewa a rumbu alhali sabo bai nuna ba, sai tamowa ta kama yaran da aka yaye. Idan aka samu kwanika, wato uwa ta yi ciki tana goyo, akan yaye yaro da wuri, wanda hakan kan ƙara jefa shi cikin haɗari. A kan waɗannan kuma akwai agana a zamanin da, da manyan shekarun yunwa irin na 1913 zuwa 1914, da 1927, da farin 1972 zuwa 1974. A cikin irin wannan hali ne uwa take kallon jaririyarta ta ce a bar mata.

3.3.3 Sunan Tsakanin Gargajiya da Musulunci

Ƙirar sunan ta nuna cewa Hausa ce tsantsa, babu aro a cikinsa daga Larabci ko wani harshe. Wannan ya sa shi cikin jerin sunayen da Hausawa suke da su tun kafin sunayen Musulunci su game ƙasa. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), ya kuma ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), amma a karkara an daɗe ana tafiya da tsofaffin al'adu, har bayan jihadin 1804. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar da bautar iskoki tana nan da ƙarfinta a tsakaninsu.

Abin da ya taimaki sunan Barmani shi ne bai ambaci wanda ake roƙo ba. A gidan da aka yi imani da iskoki, ana iya fuskantar da roƙon gare su. A gidan Musulmi kuwa babu wanda ake nufi sai Allah, mai rayawa mai kashewa. Ta haka sunan ya tsallako daga wani zamani zuwa wani ba tare da an canza masa ko harafi ɗaya ba. Sunaye irin su Ajuji ba su samu wannan sauƙi ba, domin suna tafe da wani aiki na camfi, kuma suna da ma'anar ƙasƙanci, alhali Musulunci ya kwaɗaitar da a zaɓa wa yaro kyakkyawan suna. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya canza wa wasu sahabbai sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau.

3.3.4 Kwatance da Wasu Al'ummu

Wannan al'ada ba ta taƙaita ga Hausawa ba. Yarbawa suna kiran ɗan wabi "abiku", kuma suna da sunaye irin su Malomo, wato kada ka sake tafiya, da Durojaiye, wato tsaya ka ji daɗin duniya, da Kosoko, wato babu fartanyar haƙa kabari. Ibo suna cewa "ogbanje", suna da Ozoemena, wato kada hakan ta sake faruwa. Mutanen Akan na ƙasar Gana kan sa wa irin wannan yaro Donko, ma'ana bawa, daidai da Bawa a Hausa. Su ma Larabawa, sunan A'isha ma'anarsa mai rai ko mai rayuwa, fata ne na tsawon kwana. Abin lura shi ne, sunayen Yarbawa da aka ambata na farko da yaron suke magana, suna lallashinsa ya zauna. Barmani kuwa ya tsallake yarinyar, ya kai kuka wurin wanda yake da ikon bari ko ɗauka.

3.4 Yaɗuwar Sunan

Ko a zamanin da sunayen gargajiya suke tashe, Barmani bai kai Ladi ko Talatu ko Kande yawa ba. Akwai dalilai uku da suka sa haka.

Na farko, sunan yana da sharaɗi. Kowace yarinya an haife ta a ɗaya daga cikin ranaku bakwai, saboda haka kowace tana iya samun sunan rana. Barmani kuwa sai wadda ta zo bayan an yi rashi a jere.

Na biyu, ko sharaɗin ya cika, akwai wasu sunaye da suke takara da shi, kamar Abarta da Ayashe da Ajuji da Kyauta. Zaɓi ya danganta ga al'adar gidan da ra'ayin tsohuwar da ta sa sunan.

Na uku, laƙabin ƙuruciya kan lulluɓe idan mace ta girma. A gidan miji a kira ta Amarya, in ta haihu a kira ta da sunan ɗanta, in ta manyanta ta zama Inna ko Iya ko Gwaggo, in ta sauke farali ta zama Hajiya. Sai tsararrakinta da dangin uwarta kaɗai za su riƙe sunan na asali.

Bugu da ƙari, sunan ba ya shiga takarda. Rajistar makaranta da katin asibiti da takardar haihuwa da katin zaɓe duk sunan yanka suke ɗauka. Saboda haka wanda ya dogara da takardun hukuma don auna yawan masu wannan suna zai ɗauka babu su, alhali suna nan a ƙarƙashin Amina da Hauwa da Sa'adatu. Hanyar da ta dace a bi ita ce ta tambayar tsofaffin mata da ungozomomi, domin su ne ma'ajiyar irin waɗannan sunaye.

Wadda ta fitar da sunan daga cikin gida zuwa idon duniya ita ce Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, shahararriyar mawaƙiyar amada ta ƙasar Funtuwa a Jihar Katsina, wadda ta rasu a 2013. Waƙoƙinta sun shiga gidajen rediyo da kaset da wuraren bikin mata a duk ƙasar Hausa. Ita kanta misali ce ta abin da aka faɗa a sama, domin sunanta na yanka Sa'adatu, amma laƙabin ne ya bi ta. Sai dai shahararta ba ta sa iyaye sun ɗauki sunan ba, tun da ba suna ne da ake sa wa don sha'awa ba. Abin da ya faru shi ne, a wurin matasa da yawa kalmar ta koma sunan mawaƙiya kurum, ba su kuma tsaya sun rarrabe ta zuwa "bar" da "mani" ba.

3.5 Dalilan Ja da Bayan Sunan

A yau an fi samun wannan suna a tsakanin dattawan mata, da wuya a ji shi a bakin masu kiran yara a tsakar gida. Ana iya danganta wannan ga abubuwa kamar haka:

(a) Kiwon lafiya. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara shirin allurar rigakafi na ƙasa domin cututtuka irin su ƙyanda da tarin shiƙa da shan inna, daga baya kuma aka yaɗa amfani da ruwan gishiri da sukari don gudawa. Yayin da aka fara sanin cutar da ta kashe yaro da sunanta, sai bayanin iskoki ya rage ƙarfi.

(b) Wa'azi da makarantun Islamiyya. Yawaitar Islamiyyun matan aure da wa'azin malamai, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sun sa mata da yawa suna ƙyamar duk abin da ya yi kama da camfi. Ko da yake Barmani addu'a ce a ma'anarsa, zamansa cikin jerin sunayen wabi ya sa guguwar ta haɗa da shi.

(c) Ilmin boko. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka da dama. Yarinyar da malami yake kiran sunanta na yanka kowace safiya, da shi ƙawayenta za su san ta.

(d) Sauyin sha'awa. Al'adar alkunya tana nan, amma abin da ake sakaya suna da shi ya canza. Inda a da za a ce Delu ko Abarta, yanzu Ummi ko Nana ko Walida ko Amira ake cewa. Zuwa aikin hajji da littattafan soyayya da finafinan Hausa da suka bunƙasa daga 1990 sun taimaka wajen yaɗa irin waɗannan sunaye har cikin ƙauye.

(e) Gudun gori. Wasu na ganin sunan alama ce ta ƙauyanci, wasu kuma ba sa son sunan da zai riƙa tona wa uwa asirin rashin da ta yi a duk inda aka kira 'yarta.

3.6 Abin da Ja da Bayan Sunan Bai Nuna ba

Mai nazari zai iya ɗauka cewa tun da sunan yana ɓacewa, to matsalar da ta haife shi ta kau. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 1990 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, sama da 190 ba sa kai shekara biyar. A binciken 2018 adadin ya sauko zuwa 132 a ƙasa baki ɗaya, amma a shiyyar arewa maso yamma, inda Kano take, 187 ne. Wato an samu sauƙi, sai dai saurin ɓacewar sunan ya fi saurin raguwar mutuwar. Har yanzu akwai matan da suke cikin halin da ya sa kakanninsu suka ce Barmani, illa dai sun daina faɗin haka da suna.

Har wa yau, ilmin likita ya ba da haske a kan wani ɓangare na abin da ake kira wabi, wato cutar amosanin jini ko sikila. Idan miji da mata dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar cutar, ko da su lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. A wurin da babu kulawar asibiti, da yawa daga cikin irin waɗannan yara ba sa wuce ƙuruciya. Wannan yana iya bayyana dalilin da ya sa rashi yake maimaituwa a ɗaki ɗaya ya tsallake na kusa da shi, abin da a da ake ɗora wa kishiya ko maye. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jinin da ya shafi wannan cuta.

Ta wannan fuska sunan yana da amfani a aikace. Ma'aikaciyar lafiyar da ta san al'ada, idan aka kawo mata yarinya ana kiranta Barmani ko Abarta ko Ayashe, ta samu tarihin ɗakin tun kafin ta buɗe baki, kuma ya kamata ta tambayi yara nawa aka rasa, a wane shekaru, da wace irin cuta. Haka kuma mai binciken tarihi zai iya bin irin waɗannan sunaye a cikin zuriya ya gane lokutan da gida ko ƙauye ya shiga tsanani, domin matan da ba su yi rubutu ba sun ajiye labarin a cikin sunayen 'ya'yansu.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Barmani laƙabi ne na mata wanda aka gina daga jimlar "bar mani", kuma ana sa shi ga yarinyar da aka haifa bayan 'yan uwanta sun rasu a jere. An nuna cewa asalinsa yana cikin al'adar wabi, kuma yanayin noma da cututtuka na karkarar Kano sun ba shi wurin zama. An kuma ga cewa rashin ambaton wanda ake roƙo shi ya ba shi damar rayuwa a gidan gargajiya da gidan Musulmi baki ɗaya. Dangane da yaɗuwa, an bayyana cewa tun asali sunan ba mai yawa ba ne saboda sharaɗinsa, kuma kiwon lafiya da wa'azi da boko da sauyin sha'awa sun ƙara rage shi. Daga ƙarshe an ja hankali cewa raguwar sunan ba ta zama shaidar ƙarewar mutuwar yara ba. Yana da kyau ɗalibai su himmatu wajen tattara irin waɗannan sunaye daga bakin tsofaffin mata tun suna raye, tare da dalilin sa kowane ɗaya, domin idan masu sunan suka ƙare, kalmar za ta saura a ƙamus amma labarin da yake bayanta zai tafi tare da su.